Rabin Inci da Bangon Kakata

Kafinta ne, kuma duk unguwarmu ba mai kiransa da wani suna sai Rabin Inci. Magulmata suna cewa saboda gajarta ne, don in ka hango babur ɗinsa ta baya da lodin katako, sai ka rantse babur ɗin ne ya fito yawo shi kaɗai. Matarsa kuma cewa take zarto ne ya gutsure masa rabin inci a ɗan yatsan hagu tun yana koyon aiki. Ni dai abin da na sani, ba ya gama aiki bai ja da baya ya kanne ido ɗaya ya ce saura rabin inci ba. Ko shayi ka zuba masa sai ya leƙa kofin ya faɗa.

Shagonsa yana bayan tashar mota, tsakanin mai facin taya da mai sayar da katifa. Daga Litinin zuwa Juma'a yana ƙera kujerun makaranta da ƙofofi da kejin kaji. Ranar Asabar kuwa, ranar da kowane kafinta yake jiran masu albashi su fito da matansu zaɓen kujeru, sai ya garƙame shagon, ya ɗaure guntayen katako a bayan babur, ya shiga gidajen tsofaffi yana kafa musu sandar dafawa a jikin bango. Ba ya karɓar komai. In ka matsa masa sai ya ce a kawo shayi, sukari cokali huɗu, kuma kada a gaya wa nas.

Nas ɗin nan ita ma irin wannan taimako take yi. Su wajen goma ne masu wannan aikin sa kai, muna ce musu 'yan Asabar, duk da wasunsu Talata suke fitowa. Ita ta yi ritaya daga asibiti, yanzu tana bin gidaje da jakarta tana auna wa tsofaffi jini tana yi musu faɗa a kan gishiri. Akwai direban tasi da yake kai su ganin likita, akwai wata malamar makaranta da aikinta kawai ta zauna ta saurari labarin da aka ba ta sau tara, ta yi dariya a inda ake yi. Ofishinsu benci ne a ƙofar shagon Rabin Inci.

Ni kuma da kakata nake zaune, wadda ta haifi babana, muna ce mata Iya. Babana direban babbar mota ne, gida a wurinsa wajen wanka ne da canza riga. Tun da ni da makaranta muka gaji da juna a aji huɗu na sakandare aka turo ni wajen Iya, wai in riƙa kula da ita. Ita kuma cewa take an turo ni ne ta ƙarasa renona. Na taɓa gyaran waya, na taɓa wankin mota, na yi sati uku ina bin wani mai fenti kafin ya ce in je in huta, zai neme ni.

Iya tela ce, ta yi shekara hamsin a kan keken ɗinki kafin ido ya ce ya isa. Gidan nan ta fi shekara arba'in a cikinsa. Ɗakinta yana ƙurya, daga nan sai wani dogon lungu, falo a hagu, banɗaki a dama, sai matakala biyu da ake sauka zuwa kicin. Tagar falon tana kallon titi, kuma ta wannan taga take mulkin unguwa. Ta san ɗan wa ya yi fashin makaranta, ta san motar wa ta ƙi tashi, tana kuma gaya wa matan da suke wucewa cewa telansu ya cuce su a hammata.

Wata Laraba da safe ta faɗi a matakalar kicin. Ba ta karye ba, gwiwa ce ta kumbura, kuma ta gaya wa kowa ruwa ne na zubar a ƙasa. Na karɓi laifin don ban tuna ko na zubar ko ban zubar ba. Maƙwabciyarmu ta buga wa Baffa waya. Baffa shi ne ɗan Iya na fari, yayan babana, yana wani birni mai nisa a bene hawa na huɗu, kuma mutum ne da in ya ce zai yi abu har agogo yake dubawa. Ya ce Asabar ta uku zai zo da mota ya ɗauke ta, ya riga ya sa an gyara mata ɗaki.

Aka miƙa wa Iya wayar, ta ce to. Da ta ajiye wayar sai ta daɗe tana kallon taga.

"A hawa na huɗu wa zan gani?" in ji ta. "Tsuntsaye?"

"Sai ki riƙa gyara musu ɗinki," na ce.

Ba ta jefe ni da takalmi ba. A nan na san abin ya taɓa ta.

Nas ce ta ce in Baffa ya zo ya tarar tana kai kanta banɗaki da kicin ba fargaba, wataƙila ya sassauta. Ta ce za ta turo mana Rabin Inci ranar Asabar.

Ranar Alhamis na tsaya na kalli lungun nan da idon baƙo, kunya ta kama ni. Bangon duk dabbare-dabbaren baƙi, wani kamar tafin hannu, wani dogo kamar an ja tsumma mai maiƙo, tun daga ƙofar ɗakinta har kicin. Na ce yanzu mutum zai zo ya yi mana aiki don Allah ya tarar da mu a haka? Ina da ragowar farin fenti da tsohon maigidana ya manta bai tambaya ba. Na shafa sau ɗaya, baƙin ya leƙo. Na ƙara. Ranar Juma'a na yi na uku, lungu ya koma kamar asibitin masu hali. Iya ta fito ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce, "Ashe mijin nawa yana da amfani." Tun da aka haife ni ban taɓa jin haka daga bakinta ba. Ranar ko tafiyata sai da ta canza.

Asabar da hantsi Rabin Inci ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe da Iya, ya tambayi gwiwa. Yana miƙewa sai ya shaƙi iska. Ya ƙara shaƙa. Ya bi warin har bakin lungu, ya tsaya hannu a ƙugu.

"Wa ya yi wannan?"

Na matso ina gyara wuyan riga. "Ni ne, Baba. Shafi uku."

"Uku," ya ce. "Allah ya yi maka albarka, ka kashe ni."

Ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa ya yi min bayani. Shi ba ya fara aiki da tef ɗin awo. In ya shiga gidan tsoho, bango yake karantawa. Duk inda hannu ya saba sauka shekara da shekaru, wajen yana yin baƙi, yana yin santsi. Babban tabo, a nan ake tsayawa a huta. Dogon layi, ana tafiya ana jan hannu. In ka ga yatsu huɗu a gefen ƙofa, to da ita ake jawo jiki. A kan waɗannan yake kafa sandarsa, don hannun tsoho ba ya koyon sabon wuri, inda ya sani nan zai je ko ido a rufe.

"Shekara arba'in tana rubuta min takarda," ya ce, "kai kuma ka goge ta a kwana biyu."

"To ai ga mai rubutun nan a zaune," na ce. "A tambaye ta."

Ya kalle ni kamar yana tausayina, amma ya juya. "Iya, don Allah ɗan taka daga ɗakinki zuwa kicin in gani, yadda kika saba."

Iya ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta haɗa hannuwanta a baya kamar mai duba makarantu, ta ratsa tsakiyar lungu tana cije baki, ko gefen zaninta bai taɓa bango ba. Ta tsaya a bakin matakala tana haki ta ce, "Haka na saba."

"Ba kya ɗan dafa bango?"

"In dafa shi ya yi min me? Dattin da ka ji ana faɗa na wannan yaron ne, shi ne ba ya wanke hannu."

Ya sa na rufe ƙofofi, ya kwantar da tocila a jikin bango yana haska shi a kaikaice, wai wani lokaci santsin hannu yana nunawa ta ƙarƙashin fenti. Wuri biyu kawai ya samu, su ma yana shakka. Aikina ya yi kyau fiye da kima. Ya sha shayinsa, ya ɗaure katakonsa ya tafi bai buga ƙusa ko ɗaya ba.

Na ɗauka iyakar ɓarnar ke nan. Ranar Litinin da safe na hango Iya ta fito daga ɗaki, ba ta san ina kallo ba. Hannunta ya tafi bango da kansa, saura kaɗan ya sauka sai ta janye shi kamar ta taɓa wuta. Ta buɗe hannuwa biyu a iska, tana tangaɗi a tsakiyar lungu kamar mai ɗauke da bokiti biyu. Na ruga na tare ta.

"Iya, ki dafa mana."

"In ɓata maka fenti? Abu ɗaya ka taɓa yi mai kyau a duniya."

Dariyar dole na yi. Da tana da bango, yanzu na raba ta da shi, kuma saura kwana goma sha biyu Baffa ya iso.

Na bar ta da maƙwabciya na tafi shagon Rabin Inci. Na same shi yana goge wata sanda, ya ce in zauna in riƙe masa ɗaya bakin. A nan ya ba ni labarin yadda ya fara. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi koyon aiki, ya yi shekara tara yana sharar ƙurar katako kafin a bar shi ya yanka abu mai tsada. Ya buɗe shago, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyar, ba ko ɗaya mai son warin katako. Lokacin da tasa mahaifiyar ta fara jan ƙafa, ya ce yau za a ga aikin ɗa. Ya samo katako mai kyau, ya duba littafin awo, ya kafa mata sanda tun daga gado har ƙofa, ya shafa mata mai tana ƙyalli.

"Ka san me ta yi da ita?"

"Ta yi ta sa albarka."

"Shanya. Zannuwanta ta riƙa shanyawa a kai. Ita kuma ta ci gaba da dafa bango a ƙasan sandar. Wata shida ina jin haushi ina cewa tsohuwa ba ta san abu mai kyau ba. Ran nan na durƙusa ɗaura takalmi, sai na ga baƙin hannunta, layi guda, miƙaƙƙe kamar da rula aka ja. Na cire sandar na sauke ta kan layin. Washegari ta kama, ba wanda ya ce mata kama. Ta ƙara shekara shida tana yawo a gidanta da ƙafarta."

Ƙawayen mahaifiyar suka gani, kowace ta ce ita ma, har abin ya cinye masa Asabar gaba ɗaya. Matarsa ta yi wata biyu tana mita, daga baya ita ce take taro masa tsofaffin ƙafafun gado daga gidajen 'yan uwa.

"Yanzu ya za a yi da Iya?" na ce.

Ya hure ƙurar sandar, ya ce, "Keken ɗinkin da na gani a falo, nata ne?"

"Nata ne."

"Tana da sauƙi a kan aiki?"

Na ba shi labarin yadda ta taɓa tsayar da wani mutum ta taga, ta sa ya tuɓe rigarsa, ta warware aljihun da wani tela ya ɗinka a karkace ta mayar, mutumin yana tsaye da singileti yana ba da haƙuri, alhali ba ta taɓa ganinsa ba. Rabin Inci ya yi dariya har ya share hawaye da guntun yatsansa. Ya ce in je gida in riƙa bin ta a baya duk inda za ta har Asabar, kuma in na ƙara taɓa burushi ni zai kafa a bango.

Asabar ta biyu ya zo da wani katako a tanƙware, duk ɓawo, wanda ko kaji ba za su yarda a yi musu keji da shi ba. Ya sa na ajiye wa Iya kujera a bakin lungu, wai ta sha iska. Ya ɗaga katakon har saitin kafaɗata, bakin nan sama bakin can ƙasa, ya ɗana ƙusa biyu sama-sama, ya ja da baya yana gyaɗa kai.

"Ya yi," in ji shi.

Na buɗe baki, ya taka min ƙafa.

Iya ta kalli katakon ta kau da kai. Ta gyara zama. Ta ce in ba ta ruwa, na ba ta, ba ta sha ba. Rabin Inci ya ɗauko na biyu, wanda ya fi na farko muni, yana 'yar waƙarsa.

"Ɗan nan," ta ce. Mutumin ya ba sittin baya, amma a wurin Iya ɗan nan ne. "Wa ya koya maka aiki?"

"Wani babban kafinta ne, Iya, Allah ya ji ƙansa."

"Baƙin cikinka ne ya kashe shi. Wannan na mutane ne ko na raƙumin dawa?"

"Haka littafi ya ce. Daga ƙasa inci..."

"Littafin ya taɓa fitowa daga ɗakina da ciwon gwiwa? Matsa."

Ta miƙe ta koma ƙofar ɗakinta, ta juyo, ta manna tafinta a kan farin fentina, can ƙasa wajen ƙugunta. "Nan. Nan mutum yake fara kamawa in ya fito, don ƙafa ba ta gama farkawa ba." Fensir ya riga ya fito daga bayan kunnen Rabin Inci, ya zagaye hannun.

"Amma Iya, daga nan ai sai a miƙe."

"A miƙe a gidan wa? Taku uku, sai a huta a nan." Ta sake manna tafi. "A kwanar banɗaki gwiwar hannu ake sawa, ga ta nan, rubuta. Kai kuma," ta juyo gare ni, "ka tsaya baki buɗe, cire min wancan abin kunyar kafin wani ya shigo."

Haka suka bi lungun, tana marin bango yana zagayewa. Da gangan yake gardama, don duk inda ya ce a'a sai ta nuna masa wuri biyu. Da suka iso matakalar kicin ta juya gefe, ta sauke ƙafar dama tukuna, hannunta ya tafi kai tsaye ya kama ƙofar kicin. Ƙofar ta motsa. Rabin Inci ya tare ƙofar da ƙafa.

"Kullum ita kike kamawa?"

Iya ta dubi ƙofar. "In ta jingina da bango ba ta motsi. Ran nan iska ce ta turo ta."

"Ashe ba ruwa ba ne," na ce.

"Ai kana zubarwa wasu ranakun."

A gefen ƙofar ya kafa doguwar sanda a tsaye, ya sa wa ƙofar sakata da za ta riƙe ta a jikin bango. Ya yi ta aiki har la'asar, ya dawo ranar Lahadi ya ƙarasa. Sandunan gaske ya fito da su, irin wadda na riƙe masa a shago, sumul kamar an lashe, kuma sai da ya ba ta kauri uku ta damƙa ta zaɓa. Iya tana kan kujera tana ba da umarni. Ta sa ya cire ɗaya ya sake, wai ta karkace da kaurin zare. Ya duba, ya ce gaskiyarta.

Da zai tafi ita ta zuba masa shayi da kanta. Ta ce, "Ka ɗauka ban gane ka ba ko? Katakon nan na farko, ko wannan ragon ba zai kafa shi haka ba."

"Ni, Iya? Iyakar iyawata ce."

"Rufe min baki. Na bar ka ne don kada a ce na roƙa." Ta ƙara masa cokali na biyar.

Duk satin nan Iya zirga-zirga ta riƙa yi a lungu ba dalili, ta je kicin ta dawo ba ta ɗauko komai ba.

Baffa ya iso Asabar ta uku kafin azahar, da manyan akwatuna biyu ba komai a ciki. Ya gaishe da Iya, ya duba gwiwa, ya dube ni kamar kayan da aka ba da ajiya aka tarar sun ragu. Nas tana nan, wai awon jini ya kawo ta, Rabin Inci kuma wai fensirinsa ya manta.

Iya ba ta jira an ce ta taka ba. "Babba, zauna in kawo maka ruwa." Ta shiga lungu ta kama sanda, taku uku ta huta, ta wuce kwana, ta juya gefe ta sauka matakala, ta dawo da kofi a hannu ɗaya ko ɗigo bai zuba ba. Baffa ya bi ta da ido har ta zauna. Ya tashi ya kama sandar ya jijjiga da ƙarfinsa. Ko gezau.

"Aiki ya yi kyau, na gode," ya ce wa Rabin Inci. "Amma malam, sanda ba ta kiran likita. In ta sake faɗuwa fa?"

"Ba zan ce maka ba za ta faɗi ba, yallaɓai. Ni ma jiya na faɗi daga kan babur, yana tsaye. Abin da na sani, a gidan nan ƙafarta ta san kowane rami, hannunta ya san kowace kwana. A can sai ta koma aji ɗaya, kuma ko na bi ku ban san inda zan kafa mata ba."

Nas ta karɓe. Ta ce ita Talata da Juma'a take zuwa, lambar mai tasi tana manne a jikin firji, malamar makaranta za ta riƙa leƙowa ranar Alhamis, maƙwabciya kuma tana da makulli. "Sannan ga wannan," ta nuna ni da abin awon jini.

"Wannan?" in ji Baffa.

"Sati biyu yana bina kamar jela," Iya ta ce. "Ko banɗaki na shiga sai in ji numfashinsa a bakin ƙofa. Ba shi da wayo, amma yana nan."

Baffa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Can ya matso kusa da kujerarta.

"Iya, ke me kike so?"

"Sai yau ka tambaya? Ina so in ƙare kwanana a ɗakina. Amma ba yanzu ba, akwai sauran mutanen da ban gama gyarawa ba."

Ya yi wata dariya da ban san yana da ita ba. Ya ce shi ke nan, ta zauna, amma kullum da safe zan kira shi in ba ta waya, kuma ran da na manta zai zo ya ɗauke ni ni.

Na mayar da akwatunan mota yadda suka zo, da yatsa biyu-biyu na ɗauke su. Baffa ya ci abinci, ya sauka kicin wanke hannu. Yana hawowa matakalar sai muka ji ya ce wash a hankali, hannunsa ya cafke sandar nan ta tsaye, ya jawo jikinsa da ita. Ya waiga ko an gani. Mu huɗu muna kallonsa.

"Tun yaushe?" in ji nas.

"Ba komai, zaman mota ne."

Iya ta juya ga Rabin Inci. "Ɗan nan, kana zuwa nesa?"

"In an ɗauke ni a mota, Iya."

"To ka je ka duba min gidan wannan." Ta nuna Baffa da baki.

Baffa ya ce shi lafiyarsa ƙalau, shekararsa sittin da biyu kacal. Rabin Inci ya ce ya sani, kowa ma haka yake cewa, sannan ya tambaye shi da hagu yake dafawa ko da dama. Baffa ya buɗe baki zai yi musu, ya dubi uwarsa, ya ce da dama.